Yadda ɗalibar kimiyya ko injiniya za ta samu jagora ta intanet, ta kuma riƙe ta

Mata ba su da yawa a azuzuwan injiniya, lissafi da fiziks, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Malamai mata a waɗannan sassan ma haka. Don haka ɗalibar da ke son jin yadda wata ta yi SIWES, wato horon aiki da ɗalibai ke zuwa yi kafin su gama, a masana'antar da ita kaɗai ce mace, ko yadda ta haɗa digiri na biyu da goyo, sau da yawa wadda za ta amsa mata tana Kaduna, Abuja, Fatakwal ko ƙasar waje. Waya ce za ta haɗa su. Ɗaukar ilimi daga nesa ba baƙon abu ba ne a Sakkwato, domin a zamanin Nana Asma'u kowace jaji, wato shugabar mata masu neman ilimi, takan zo daga ƙauyensu ta ɗauki karatu, ta koma ta koyar da 'Yan Taru. A Amurka kuma, shirin MentorNet da aka fara a 1997 ta imel ya riƙa haɗa ɗalibai mata da injiniyoyi masu aiki, yana kuma aika musu abin da za su tattauna lokaci-lokaci, don an gane cewa idan aka bar mutum biyu haka kawai, zancen mutuwa yake yi.

Kafin ki nemi kowa, ki rubuta abu ɗaya da kike so ki cim ma cikin wata shida. "Ina son in ci gaba a rayuwa" ba abin da jagora za ta kama ba ne. "Ina son in samu wurin SIWES da za a bar ni in taɓa na'ura", ko "makina 3.30 ne, ina son in haura 3.50 kafin in gama", waɗannan su ne ake iya aiki a kansu. Abin da kika rubuta shi zai nuna miki wadda za ki nema. Mai neman aiki a kamfani tana buƙatar injiniya mai aiki a kamfani, mai son karatun gaba kuwa tana buƙatar wadda ta yi digiri na biyu ko na uku kwanan nan, wadda ba ta manta yadda ake cike takardun ba. Farfesa mai suna ba lallai ta fi miki amfani ba. Wadda ta girme ki da shekara biyar zuwa goma a fannin ta fi samun lokaci, kuma ta fi tuna inda ake tuntuɓe.

Hanya mafi kusa ita ce shugaban sashenku da tsofaffin ɗaliban sashen. Bayan su akwai APWEN, ƙungiyar mata injiniyoyi ta Najeriya, da OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa. Akwai kuma LinkedIn, da adireshin imel da ke shafin farko na yawancin maƙalun bincike da za ki karanta.

Saƙon farko shi ne inda yawanci ake faɗuwa. Ɗaliba ta rubuta "Salam Anti" ta yi shiru tana jiran amsa, ko ta aika saƙon murya na minti bakwai. Mai aiki ba za ta bi ta kan ko ɗaya ba. Ki gaisa, ki faɗi ko ke wace ce, wa ya ba ki lambar, da abin da kike so, duk a saƙo ɗaya. Misali: "Assalamu alaikum Injiniya, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a aji biyar, sashen lantarki, a nan Sakkwato. Shugaban sashenmu ne ya ba ni lambarki. Aikina na ƙarshe kan yadda ƙurar hunturu ke rage wutar da farantin sola ke bayarwa ne. Ko za ki ba ni minti ashirin a mako mai zuwa in yi miki tambayoyi uku kan yadda zan auna? Duk lokacin da ya yi miki ya yi mini. Allah ya ƙara girma." Kada ki ce ta zama jagorarki tun a saƙon farko, nauyi ne da mutum ke gudu. Idan mako ya wuce ba amsa, ki tuna mata sau ɗaya. Idan shiru ya ci gaba, ki nemi wata, ba tare da jin haushi ba.

Idan hirar farko ta yi daɗi, sai ki roƙi a tsayar da tsari: kira na minti talatin duk bayan mako biyu, rana ɗaya, lokaci ɗaya, na tsawon wata shida. Sanya ƙarshe yana da amfani, domin kowa ya san zai iya janyewa ba tare da kunya ba. Ke ce mai tunatarwa, ke ce mai kira. Kwana biyu kafin lokacin ki aika tambayoyinki, kada su wuce uku. Bayan kiran ki rubuta layi uku: abin da aka ce, abin da za ki yi, da ranar da za ki gama. Ki ajiye su a takarda ɗaya ta Google Docs da ku biyu ke gani. Jagora takan gaji da ɗalibar da ke dawowa da tambayar da aka amsa wancan makon, amma da wuya ta saki wadda ta ce "na gwada abin da kika ce, ga abin da na samu".

Ga yadda hakan ke kasancewa a aikin solar nan. Ɗaliba ta ajiye faranti biyu iri ɗaya a kan rufi, tana goge ɗaya kowace safiya, ɗayan ta bar shi da ƙurarsa, tana auna boltej da multimita, sai ta ga kusan babu bambanci, ta ɗauka aikin ya lalace. Jagorar da ta san fannin za ta gaya mata cikin minti biyar cewa ƙura amfiya take ragewa, zafi kuma shi ke sauke boltej, don haka ta auna duka biyun a sa'a ɗaya kowace rana, ta riƙa rubuta zafin farantin. Da ɗalibar ba ta aika teburin awonta kafin kiran ba, da an ɓata rabin sa'ar a gaisuwa da kame-kame.

Kiran murya ya isa, bidiyo yana cin data ninki-ninki, kuma a zafin watan Afrilu da Mayu waya kan yi zafi ta ɗauke ana tsakiyar magana. Ki yi caji tun da wuri, kada ki dogara da cewa za a kawo wuta. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Hoton jadawali ko zane ki aika shi a matsayin fayil a WhatsApp, in ba haka ba za a matse shi har lambobin su ƙi karantuwa. Ki lura da agogo: Ingila lokacinta ɗaya da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni tana bayanmu da sa'a ɗaya, Malesiya kuwa tana gabanmu da sa'a bakwai. Da azumi a sauya lokaci tun kafin a ga wata. Idan malaman jami'a suka shiga yajin aiki, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas, kada a dakatar da kiran, lokacin ne ya fi dacewa da koyon Python ko AutoCAD.

Ki sanar da iyayenki ko maigidanki tun farko, ki nuna musu ko wace ce, in da hali a gaisa sau ɗaya. Abin da aka ɓoye shi ake zargi. Idan jagoran namiji ne, kuma akwai nagari da yawa, a tsayar da magana kan karatu, da rana, zai fi kyau a haɗa ku ku biyu ko uku a kira ɗaya. Wanda ya fara kiran dare ko neman hoto, a yanke da shi, a gaya wa wanda ya haɗa ku. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi zai samo miki tallafin karatu, ko ki karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarki, ɗan damfara ne.

Abu biyu ke ɓata wannan alaƙa da sauri. Na farko roƙon kuɗi, ko da na data ne. Na biyu sa jagora ta rubuta miki babi na aikinki na ƙarshe, wanda za a gane a ranar kare aiki da tambaya ɗaya. Haka nan ba ita ce mai duba aikinki ba. Idan shawararta ta saɓa da ta malaminki, ki kai masa ita a matsayin tambaya, kada ki ce "wance ta ce", domin shi zai sa hannu. Wadda ke ƙasar waje kuma takan ba da shawarar na'urar da babu ita a ɗakin gwajinku, don haka ki aika mata jerin kayan da kuke da su tun a mako na farko.

Takardar shaida don neman tallafin karatu na PTDF (asusun bunƙasa fasahar man fetur), Commonwealth ko OWSD, a roƙe ta bayan an yi wasu watanni tare, kuma aƙalla mako huɗu kafin a rufe. Ki haɗa mata da takardar tarihin karatunki, sakamakonki, abin da kika rubuta kan dalilin neman, da ranar rufewa, sannan ki tambaye ta wane imel za ki sa a fom, domin masu tantancewa sun fi yarda da na wurin aiki.