Kurakuran da Masu Gudu Suka Fi Yi a Bakin Kanal da Bakin Kogi a Ingila

Doki aka yi wa turbar da ke bin gefen kanal a Ingila, doki guda mai jan jirgin dakon kwal ko katako da doguwar igiya, yana takawa a tsanake. Shi ya sa take a shafe, ba tudu ba kwari. Shi ya sa kuma take da ƙunci, take ƙara matsewa a ƙarƙashin gada, wani wurin ma ta ɓace ɗungurungum. Wanda ya san kanal ɗin noman rani na Kadawa ya san siffar abin, sai dai na Ingila don jirage aka haƙa su. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya sauka Landan ko Birmingham yana neman wurin motsa jiki yakan ga hanya ce ta samu, ba mota ba hayaƙi, sai ya ɗauke ta kamar filin tsere. Yawancin kurakuran daga nan suke tasowa.

Zaton turbar ba ta yankewa

A taswirar waya, kanal ɗin Regent's da ke Landan zare ne shuɗi guda ɗaya daga Little Venice zuwa Limehouse, kilomita 13.8, kamar yadda aka kammala shi a 1820. A ƙasa kuwa ruwan yana shiga ƙarƙashin tudu a wurare biyun da turba ba ta bin sa. Ramin Maida Hill mita 249 ne, na Islington mita 878. A da a nan ake kwance dokin a zagaya da shi ta sama, kuma yau ma hawa za ka yi ka bi titi. A Maida Hill ka bi Aberdeen Place. A Islington ka hau ta wajen Caledonian Road, ka ratsa Chapel Market da Angel, ka sauka ta Colebrooke Row. Akwai alamomi da aka dasa a daɓen gefen titi, amma a ranar kasuwa ƙafafun jama'a sun rufe su. Ka ware wa wannan zagaye minti goma, kada ka sa shi a tsakiyar zangon da kake son auna saurinka.

Turbar kuma takan sauya gefe. Ka ga gada ta karkato ta ɗauke ka zuwa ɗaya ɓangaren, ka bi ta. Wanda ya nace ya miƙe yakan tarar da katanga ko matsayar jiragen da aka kulle. Hukumar Canal & River Trust, wadda tun 2012 take kula da kusan kilomita 3,200 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, tana sanar da wuraren da aka rufe don gyara a shafinta. Duba shi da dare kafin fitar safe ya fi ka je ka ci karo da shingen ƙarfe bayan ka yi kilomita shida.

Shiga ƙarƙashin gada da gudu

Nan ne aka fi faɗawa ruwa, kuma ya kamata a daɗe ana nanata shi. A ƙarƙashin tsohuwar gadar bulo turbar kan koma faɗin mutum ɗaya, rufin ya sunkuyo ta ɓangaren bango har dogon mutum sai ya duƙa, daɓen kuma tsoffin duwatsu ne masu sulɓi waɗanda rana ba ta taɓa busar da su. Ga kashin tattabaru, ga gansakuka a bakin ruwa. Turbar tana lanƙwasa a daidai wurin, don haka ba ka ganin mai keken da ke tahowa sai kun yi kiciɓis. Idan ka kauce, ɓangare ɗaya bango ne, ɗayan ruwa.

Gyaran ba wuya. Saura taku goma ka isa gadar, ka rage gudu zuwa sassarfa, ka kasa kunne ko za ka ji ƙararrawar keke, ka gajarta taku, ƙafarka ta riƙa sauka a ƙarƙashin jikinka. Dogon taku a kan jiƙaƙƙen dutse shi ke kwashe diddige. Iyafis biyu a kunne a irin wannan wuri ganganci ne. A cire ɗaya, ko a bar su a gida. Sannan wanda ya taso a Najeriya ko Nijar jikinsa ya saba da kaucewa dama, mutanen Ingila kuwa hagu suke kaucewa. Mutum biyu suka kauce ɓangare ɗaya, karo ya tabbata. Ka riƙe hagu, in kuma za ka wuce wani ta baya, ka yi masa magana tun da sauran tazara. A ƙa'idar turbar mai tafiya a ƙasa ne ke da fifiko, mai sauri shi ke jira.

Ido ya riƙa sauka ƙasa a inda jirage suke daure. Mutane na zaune a cikinsu, kuma igiyoyinsu suna ɗaure ne a zobban ƙarfe da turaku da ke bakin turba, wani lokacin igiyar ta ɗan ratsa hanya daidai idon sawu. A wajen ƙofofin ruwa, inda ake ɗaga jirgi ko sauke shi mataki-mataki kamar na Camden, akwai dogayen katakan tura ƙofa da ke miƙowa daidai ƙugu, da layukan bulo masu tudu da aka jera don ƙafa ta samu abin tokara. Masu fatsa kuma sandarsu kan kai mita 13 zuwa 16, kuma in za su sauya abincin kifi baya suke turo ta, ta tare hanya. Kada ka tsallake ta. Ka tsaya ya janye.

Manta cewa Thames yana cika yana janyewa

Kanal ruwansa a tsaye yake, kogi kuwa ba haka ba. Daga Teddington, a kudu maso yammacin Landan, zuwa teku, kogin Thames yana cika sau biyu a rana, kuma lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Turbar da ka bi a bushe ranar Litinin da ƙarfe bakwai tana iya zama a ƙarƙashin ruwa a wani makon a daidai wannan lokaci. Bakin kogi a Richmond, da Strand-on-the-Green, da Chiswick Mall, da gaɓar Putney duk an san su da haka. Cika mafi girma tana zuwa sau biyu a wata, kuma mai lissafi da watan Musulunci ya huta: ranakun farkon wata ne, da kwana biyu ko uku bayan wata ya cika. Hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan tana fitar da jadawalin cikar. Ka fita sa'a biyu kafin ko bayan ƙololuwarta. In ka tarar ruwa ya rufe hanya, ka juya ka bi titi. Ruwan laka ne, ba ka ganin inda gaɓa ta ƙare. Ko bayan ya janye yakan bar taɓo mai santsi kamar kuɓewa.

A saman kogin, wajen Oxford, ruwan sama ne ke kawo ambaliya, kuma a lokacin sanyi turba kan yi kwanaki a nutse.

Duhu da takalmi

A watan Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas, kuma kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Mai son gudu bayan sallar asuba zai yi shi cikin duhu, alhali yawancin turbar ba fitila. Hasken waya bai isa ba, kuma yana cinye hannu ɗaya. A samu tocilar goshi da riga mai ƙyalli, a sunkuyar da hasken ƙasa don kada a kashe wa mai tahowa ido. In ƙasa ta daskare, a haƙura da bakin ruwa ranar. Mace ko namiji, wanda zai bi zangon da ba jama'a ya sanar da wani inda ya nufa, ya kuma san matakalar fita zuwa titi, domin akwai inda za a yi nisa tsakanin katanga da ruwa ba mafita.

Cikin gari kambas na titi ya wadatar. Bayan gari turbar ƙasa ce da ciyawa, daga Nuwamba zuwa Maris sai takalmi mai haƙora a tafinsa.

Idan an faɗa

Wurare da yawa zurfin kanal bai wuce ƙirjin babban mutum ba, sai dai sanyin ne ke kisa. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, ya shaƙi ruwa, ko da gwanin iyo ne. Kada ka yi ta fafutuka. Ka kwanta rigingine, kai a baya har kunnuwa su nutse, ka ware hannuwa da ƙafafu, ka jira minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi numfashi ya daidaita, sannan ka gwada tsayawa ko ka nufi gaɓa. Cikin ƙofar ruwa zurfi ya fi yawa kuma bangon a miƙe yake, sai ka nemi tsanin ƙarfe da ke jikinsa. In wani ne ya faɗa, kada ka bi shi. Ka kira 999, ka nemi 'yan kwana-kwana, ko masu gadin teku in a Thames ne ƙasa da Teddington, ka faɗa musu lambar da ke jikin gada mafi kusa, ka jefa masa igiya ko tayar ceto.

Bayan an fito akwai sauran aiki. Fitsarin ɓera a ruwan yana ɗauke da cutar da ake kira Weil, wadda ke shiga ta rauni ko ido ko baki. A yi wanka da sabulu nan da nan, a wanke duk inda aka ƙuje. In zazzaɓi da ciwon kai da ciwon sharaɓa suka taso cikin mako ɗaya zuwa huɗu, Bahaushe zai fara zargin maleriya ya sha maganin da ya zo da shi daga gida. Kada a yi haka. A kira 111, lambar neman shawarar lafiya, ko a ga likita, a ce masa an faɗa kanal. Da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta yana gamawa da ita, in an bari kuwa tana taɓa ƙoda da hanta.

Sauƙin da ke cin ƙafa

Daga farkon kanal ɗin Regent's zuwa ƙarshensa gangarar ba ta kai mita 30 ba. Da yake ba a haki, mutum sai ya yi ta ƙara nisa, kowane taku kuma irin na baya ne, jijiya ɗaya ke ɗaukar nauyin. Ƙwauri da agara da gwiwa ne ke fara ƙorafi. Kada ƙarin nisan mako ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma sau ɗaya a mako a nemi tudu: Primrose Hill na nan kusa da kanal ɗin, ka hau sau huɗu ka sauko da tafiya. Inda turbar ta ɗan karkata zuwa ruwa, ka je ka dawo ta hanya ɗaya don ƙafafu biyu su raba karkatar. Agogon GPS kuma yakan rikice a ƙarƙashin gadoji da tsakanin dogayen gine-gine, don haka in ya nuna ka yi sanyi, kada ka ƙara wuta a kansa.

Daga Afrilu zuwa Yuni dinya da manyan fararen agwagin ruwa suna da 'ya'ya, sukan kwanta a tsakiyar turba su yi huci. Ka koma tafiya, ka ba su fili, ka bi ta ɓangaren bango, kada ka shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta ko tsakaninsu da ruwa.