Neman aikin gwamnati: kurakuran da masu nakasa da suka gama jami'a suka fi yi

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci a watan Janairun 2019, maganar "kashi biyar" ta shiga bakin kowa. Sashe na 29 na dokar ya buƙaci hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ga aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu nakasa ne. Hukumomi da yawa ba su cika wannan ba, kuma laifinsu ne. To amma akwai abin da ke hannun mai neman aikin, kuma a nan Jos, inda jami'a ke yaye makafi da kurame da masu keken guragu da digirinsu, kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa.

Babbansu shi ne ɓoye nakasar a wajen cike fom. Na fahimci tsoron. Wanda aka sha mayar da shi gida da zarar an ga sandarsa, dole ya ga kamar shiru ya fi. Sai dai ta yaya za a lissafa ka cikin kashi biyar alhali a takarda ba ka cikinsu? Da Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ta buɗe shafin neman aiki a farkon 2025, ta nemi masu nakasa su bayyana irin nakasarsu. Wanda ya tsallake wurin ya jefa kansa cikin tururuwar sauran masu nema, ranar jarrabawa kuma babu wanda ya san da zuwansa balle a tanadar masa wani abu.

Sau da yawa ma ba shi ya tsallake ba. Shiga kowane kafen intanet a wajejen Terminus a tsakiyar Jos lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar aiki: mutum goma a tsaye, yaron shago yana bugawa yana kallon agogo, ya tambayi suna da ranar haihuwa, sauran gurabe ya cike da ka. Makaho yana zaune a gefe, bai san me aka zaɓa masa ba, sai dai ya ji an ce "Yallaɓai, an gama, kawo kuɗi." Kada ka yarda. Ka sa a karanta maka kowane layi da babbar murya kafin a tura, ko ka je da wanda ka amince da shi. Imel da lambar waya su zama naka, domin ta nan gayyatar jarrabawa za ta zo. Sannan a buga maka shaidar kammala rajista ka adana.

Bayyanawa kuma tana son shaida. Ka nemi rahoton likita daga asibitin gwamnati, ka kuma nemi takardar shaidar nakasa ta Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020. Abin sha'awa, shugabanta na farko, James Lalu, ɗan Filato ne, haka ma Ayuba Gufwan da ya gaje shi a 2024. Wannan takarda daban take da takardar lafiya da ake nema bayan an ba ka aiki. A can, ka roƙi likita ya rubuta ƙarara cewa kana da nakasa kaza, kuma ba ta hana ka aikin da aka ɗauke ka. Nakasa ba ciwo ba ce, amma ba kowane magatakarda ya san haka ba.

Sai wasiƙar ban tausayi. Wannan ita ta fi ci mini rai. Mutum ya yi shekara huɗu ko biyar yana fama tsakanin harabobin Jami'ar Jos na Naraguta da titin Bauchi, ya fito da sakamako mai kyau, amma wasiƙarsa ta fara da "ni nakasasshe ne, maraya, ba ni da kowa sai Allah, a taimaka mini." Jami'in da ya karanta zai tausaya, wataƙila ya sa hannu a aljihu ya ba ka kuɗin mota, shi ke nan. Ba shi da gurbin da ake kira tausayi. Abin da ke gabansa guraben aiki ne masu suna, jami'in mulki, jami'in tsare-tsare, jami'in ilimi, akanta, kowanne da irin digirin da ake nema, kuma mai digiri yana farawa ne daga mataki na 8. Don haka ka faɗi gurbin da kake so, abin da ka karanta, inda ka yi bautar ƙasa da abin da ka yi a can. Nakasar ta zo a layi ɗaya ko biyu, tare da yadda kake aiki da ita: kana sarrafa Word da Excel da manhajar NVDA mai karanta rubutun kwamfuta, ko kana mu'amala ta rubutu da maganar hannu. Yawancin masu ɗaukar aiki ba mugunta ce ke damunsu ba, ba su taɓa ganin makaho yana tura imel ba ne. In an kira ka ganawa, ɗauki kwamfutarka ko wayarka ka nuna musu. Tabbas, sai ka iya ɗin tukuna. Wanda ya tsaya a rubutun makafi kaɗai, ya yi amfani da zaman jiran nan ya koyi kwamfuta. NVDA kyauta ce.

Wasu kuma suna ɗauka nakasa ta ɗauke musu bautar ƙasa. Ba haka ba ne. Waɗanda dokar NYSC ta ɗauke wa sun haɗa da wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammala karatu, da wanda ya yi aikin soja ko ɗan sanda fiye da wata tara, amma nakasa ba ta cikin jerin. Abin da za ka iya nema shi ne a tura ka kusa da gida bisa dalilin lafiya, ka yi sansani a Mangu maimakon wata uwa duniya. Ko ta kammalawa ko ta ɗaukewa, ba takardar NYSC, ba aikin tarayya ga mai digiri.

Ka duba sunanka da ranar haihuwarka a kan NIN, sakamakon sakandare, digiri da takardar haihuwa. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da fayil. Takardar indijin kuwa, duk ɗan Jos ya san tana da nata dogon labari. Hukumar Raba Daidai, mai lura da rabon guraben aikin tarayya, da jiha da ƙaramar hukuma take lissafi, saboda haka ka nemi taka tun kafin a fitar da talla, kuma ka tsaya a kan guda ɗaya.

Kuskuren da ke kayar da mutane bayan sun tsallake duk waɗannan shi ne roƙo da baki. An gayyace ka jarrabawar kwamfuta, sai ka kira wani da ka sani a waya ya ce "ba damuwa, ka zo kawai." Ranar ka iso, ɗakin yana bene na biyu, ba tafintan kurame, ba mai karanta maka tambayoyi, wanda ya ce ba damuwa kuma wayarsa a kashe. Da zarar gayyata ta zo, rubuta wasiƙa ka faɗi ainihin abin da kake buƙata: ɗaki a ƙasa, mai karantawa ko kwamfuta mai magana, manyan haruffa ga zabiya da masu raunin gani, tafinta, ƙarin lokaci. Yi kwafi biyu, kai wa sashen karɓar wasiƙu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a naka kwafin. Gwamnati ba ta tuna maganar baki, fayil take tunawa. Wa'adin shekara biyar da doka ta bayar na gyara gine-ginen gwamnati ya cika tun Janairun 2024, don haka haƙƙinka kake nema. In da hali, je ka ga wurin kwana ɗaya kafin ranar.

Mai sayar da gurbin "kason nakasassu" ɗan damfara ne. Neman aikin tarayya kyauta ne, kuma takardar bogi ranar tantancewa take tonuwa.

Kada kuma ido ya tsaya a Abuja kaɗai. Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya manyan ma'aikatu take ɗaukar wa. Hukumomi irin su asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedikwata a nan Jos, cibiyar binciken dabbobi ta Vom, cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta Kuru, asibitin koyarwa da jami'a, kowacce da nata tsarin ɗauka, kuma dokar ta shafe su. Aikin jiha kuwa, Filato tana da nata dokar da hukumar kare haƙƙin masu nakasa. Shiga ƙungiya irin JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, yana da amfani, can ake fara jin labarin gurabe.

In Allah ya sa an dace, saura tarko ɗaya mai kama da alheri. Oga zai ce, "Malam, ba sai ka wahalar da kanka ba, zauna a gida, albashinka zai shigo." Ka yi godiya, ka kuma nemi a ba ka tebur da jadawalin aiki a rubuce. Sabon ma'aikaci yana shekara biyu a matsayin gwaji, akwai jarrabawar tabbatarwa, ƙarin girma a waɗannan matakai kuma bayan shekara uku-uku ne, da jarrabawa da rahoton aikin shekara. Wanda ba a ganinsa a ofis, me za a rubuta a rahotonsa?

In kuma an hana ka aiki ko jarrabawa ƙiri-ƙiri saboda nakasa, dokar ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukuma, ga mutum kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Kai ƙorafinka a rubuce ga hukumar masu nakasa ta ƙasa ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ka sa kwanan wata, wurin, muƙamin jami'in, abin da ya faɗa, sunan wanda ya shaida, ka haɗa da kwafin tallan aikin, shaidar rajistarka da wasiƙar nan mai hatimi.