Darasi na 7: Kazar da Abinci Ke Yi wa Tsami a Wuya

A gindin wuyan kaza, ta ɓangaren dama, akwai wata 'yar jaka. Nan abinci ke fara sauka kafin ya gangara zuwa ƙundu. Kaza mai lafiya takan kwanta da jakar a cike, ta wayi gari babu komai a ciki.

Saboda haka da sassafe ake dubawa, kafin a zuba tsaki. Ku ɗauki kazar, ku shafa wurin da yatsu. In kun ji ya kumbura, yana luguf-luguf kamar ledar ruwa, ku buɗe bakinta ku sansana. Warin tsami zai bugi hancinku. Abincin ya kwana bai wuce ba, ya ruɓe, wata ƙwaya irin ta yis da likitoci ke kira Candida ta yi yawa a ciki. Kazar takan yi sanyi, ta daina kiwo, ta riƙa miƙe wuya tana karkaɗa kai. In kuwa wurin ya yi tauri ne, to toshewa ce.

Ku ware ta a kwando, a inuwa. Ku hana ta abinci na awa 12 zuwa 24, amma kada ruwa mai tsabta ya yanke. Ku riƙa murza jakar a hankali sau uku ko huɗu a rana, kanta na sama. Kada ku kifa ta don ta amayar. Ruwan yakan bi hanyar numfashi, kaza ta shaƙe ta mutu a hannun mai ita. Idan jakar ta sace, ku fara ba ta dafaffen ƙwai kaɗan-kaɗan.

Masu kiwon kaji a gida a Legas, daga Agege har Idi-Araba, kukansu ɗaya ne: ta warke, bayan mako biyu ciwon ya dawo. Yana dawowa ne domin abin da ya kawo shi yana nan.

Ku fara da buhun dusa. Legas gari ne mai laima, damina kuma tana da tsawo. Dusar da aka ajiye a kan siminti takan yi funfuna tun ba ta kai rabi ba. Ku ɗora buhun a kan katako, ku sayi daidai wadda za ta ƙare da wuri. In ta dunƙule ko ta sauya wari, ku zubar. Haka ma ragowar tuwo, teba da burodin da suka kwana biyu. Zubarwar da ciwo, amma asarar mudu ɗaya ba ta kai ta kaza mai ƙwai ba.

Sai kafso. Da yawa in kaza ta yi laushi sai su fasa kafso ja da rawaya a ruwan shanta. Wannan magani ba ya kashe yis. Ƙwayoyi masu amfani na cikinta yake kashewa, yis ɗin ya samu fili. Maganin da ya dace sunansa nystatin, kuma likitan dabbobi ne zai faɗi adadinsa. Ku tambaye shi yaushe za a koma cin ƙwanta.

Kazar da ke rufe a keji ko tsakar gida mai daɓe ba ta samun tsakuwa, ga shi da tsakuwa ƙundu ke niƙa. Ku ajiye mata ƙanana a gwangwani. Ku tsince leda, zare da doguwar ciyawa, ku wanke kaskon ruwa kullum.

In an yi duk wannan kwana biyu jakar ba ta sace ba, ko ciwon ya sake dawowa, wataƙila tsutsar ciki ce ko wata cuta a can ƙasan cikinta ta tare hanya. Ku kai ta asibitin dabbobi, ku tafi da ɗan abincin da take ci a leda don likita ya gani.