Yadda ake tayar da kwamfutar cikin kwamfuta daga ɓangaren faifan waje

VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wata kwamfuta (baƙuwa) a cikin babbar kwamfutarka, ya saba ajiye faifan baƙuwar kwamfuta a fayil ɗaya mai ƙarewa da .vdi. Amma idan da ma akwai Linux a wani ɓangare na faifan ajiya na waje, ba sai ka kwafe shi ba. Kana iya haɗa baƙuwar da ɓangaren kai tsaye, ta karanta ta kuma rubuta a kansa. Sharaɗin da ba a karyawa shi ne, ɓangaren nan mai shi ɗaya ne a kowane lokaci. Idan babbar kwamfutar ta buɗe shi alhali baƙuwar tana aiki a kansa, kowacce za ta riƙa rubutu ba tare da sanin ɗayar ba, tsarin fayilolin ya dagule, wani lokaci ba gyara. Don haka kafin komai, ka ajiye kwafin abin da ke da muhimmanci a wani wuri.

Ka fara gano faifan. A Linux, umarnin lsblk zai nuna maka shi, misali sdb, da ɓangarorinsa. Kada ka dogara da wannan suna, domin yana canzawa gwargwadon abin da aka fara jonawa: sdb na yau yana iya zama wani faifan daban gobe. Ka ɗauki sunan da ke cikin /dev/disk/by-id, shi ba ya canzawa. Sannan ka sauke duk ɓangarorin da umount, ka kashe buɗewa ta atomatik.

Daga VirtualBox 7.0 zuwa sama, umarnin shi ne:

VBoxManage createmedium disk --filename waje.vmdk --format=VMDK --variant RawDisk --property RawDrive=/dev/disk/by-id/sunan-faifan --property Partitions=1,2

Lambobin ƙarshe, wato lambobin ɓangarorin da baƙuwar za ta yi amfani da su, su ne inda aka fi yin kuskure. Mutane kan sa ɓangaren da Linux ke ciki kawai, su manta da ƙaramin ɓangaren EFI mai ɗauke da abin da ke tayar da na'urar. Ɓangaren da ba ka ambata ba, baƙuwar za ta gan shi, amma sifili kawai za ta karanto, don haka ba za ta tashi ba. Ka sa duka biyun, ka kuma kunna EFI a saitin baƙuwar. Fayil biyu za su fito, waje.vmdk da waje-pt.vmdk mai riƙe da kwafin taswirar ɓangarorin. A bar su wuri ɗaya. In ka sake raba faifan daga baya, sai ka sake ƙirƙirar su.

In ka ga VERR_ACCESS_DENIED, izini ne babu. Hanya mafi sauƙi ita ce shigar da kanka rukunin disk, ka fita ka sake shiga. Sai dai wannan yana ba ka iko a kan kowane faifai da ke jikin kwamfutar, shi ya sa dokar udev (tsarin Linux mai kula da na'urorin da aka jona) da ta taƙaita ga wannan faifan kaɗai ta fi aminci. A Windows kuwa, sunan faifan yakan zama \\.\PhysicalDrive1, ana buɗe VirtualBox da ikon mai gudanarwa, a cire faifan daga aiki da umarnin diskpart tukuna.

Batun sauri: USB 2.0 ba ya wuce megabit 480 a daƙiƙa, baƙuwar za ta yi ta jan ƙafa. Ka jona a USB 3.0, kuma faifan SSD ya fi mai juyi nesa ba kusa ba.

Ka guji ɗaukar hoton yanayi (snapshot, wato adana yanayin baƙuwar don a koma masa daga baya) da dakatar da baƙuwar a tsakiyar aiki. Dukansu suna zaton faifan bai canza ba, alhali wataƙila ka tayar da shi a wata kwamfutar. Ka kashe baƙuwar gaba ɗaya, ka rufe VirtualBox, sannan ka zare wayar faifan.