Kafin ka yarda a sauke maka giyabos, duba waɗannan tukuna

Wallahi yawancin giyar atomatik da ke mutuwa a garin nan na Jos ba tsufa ke kashe ta ba, mai ne da zafi. Ni da kuɗina na koyi wannan. Lokacin ina da Honda EOD na kai ta wani gareji a yi min juye, yaron makanike ya dawo da jan mai a galan da ko suna babu, na ce anya shi ne nata kuwa? Ya ce "Oga ai jan mai duk ɗaya ne." Ba a yi wata biyu ba mota ta fara fizga in za ta shiga giya ta biyu, kamar wani ya bugo ka ta baya.

To ba ɗaya ba ne. Honda a da ATF-Z1 take sha, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Corolla 2003 zuwa 2008 da Camry Big Daddy T-IV suke sha, Camry Muscle kuma WS. In giyar motarka CVT ce, wato atomatik ɗin da ba ta da giyoyi hawa-hawa, irin yawancin Corolla 2014 ko Nissan masu shan NS-2 da NS-3, nata man daban ne gaba ɗaya, ka zuba mata na atomatik ka gama da ita. Sau da yawa ma sunan man yana rubuce a jikin geji, wato sandar da ake zarowa a auna mai, karantawa ne kawai ba ma yi.

Duba man ba sai ka je wurin makanikai a Farin Gada ba. Ka ɗan zaga da motar kamar minti 15 ta yi zafi, ka faka a wuri mai daidai ba gangare ba, ja burkin hannu, ƙafa a kan burki ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya ka dawo P. Toyota injin na kunne ake dubawa, Honda kuma kashewa ake yi a duba ba tare da an daɗe ba, nan ne da yawa ke ruɗewa har su ƙara mai ya yi yawa, shi kuma in ya yi yawa kumfa yake yi, matsala ce ita ma. Zaro geji ka goge da farin ƙyalle, mayar, sake zarowa. Ja mai haske lafiya lau. Ya koma kalar shayi, lokacin juye ya yi. Baƙi mai ƙaurin ƙonewa kuwa kayan cikin giyar sun riga sun fara cinyewa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne in ka gan shi ya yi fari-fari kamar an zuba madara, wannan ruwan lagireto ne ya shiga, don bututun sanyaya man giya ta cikin lagireto yake bi, kar ma ka ƙara tuƙa ta. Wasu sababbin motoci ba su da geji sam, dole sai an shiga ƙasa.

Juye ni dai duk kilomita 50,000 zuwa 60,000 nake yi, saboda ƙura da hawa irin namu. In an kwance noti lita 3 zuwa 4 ne kawai ke fita, sauran na maƙale a cikin konbata, wato abin da ke haɗa injin da giya, shi ya sa in man ya yi datti gara ka juye, ka yi ƴan kwanaki kana yawo, ka sake, har sau uku. Amma motar da ta shekara da shekaru ba a taɓa ba, man ya yi baƙi ƙirin, kar ka bari a wanke ta da inji mai matsi, a bi ta a hankali. Ka tsaya a wurin ka ga maganaɗisun da ke cikin tiren ƙasan giyabos ko jikin noti da idonka. Baƙin laka mai laushi ba komai, amma in ka murza da yatsa ka ji ɓarɓashin ƙarfe to ka fara tanadi.

Sai tuƙi. Duk mai bin hanyar Akwanga ya san Hawan Kibo. In kana hawowa da kaya da iyali ka ji mota tana canza giya sama ƙasa sama ƙasa, zafi take tarawa, mayar da ita 3 ko 2, ko ka kashe O/D, wato giyar ƙarshe ta sama, in tana da maɓallinsa, ta riƙe giya ɗaya ta hau abinta. Gangarowa ma haka, ƙaramar giya. Masu sa N wai suna rage shan mai, Allah ya shirye su, burki kaɗai suka bar wa nauyin motar, in ya ɗau zafi ya ƙi ci sai dai salati. A gosulon Terminus kar ka riƙe mota a tudu da totur, taka burki. Kar ka sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. In ka faka a gangare ja burkin hannu kafin ka sa P. Da safen hunturu kuma in ta yi jinkirin shiga giyar sama ba lalacewa ta yi ba, sanyin Jos ne, man bai sake ba.

To in ta fara fizga, ko injin na ihu mota ba ta gudu, ko D na ƙiftawa a Honda, kar kowa ya taɓa sufana sai an jona ta a kwamfuta. Sau tari solonoyid ne, wato bawul ɗin lantarki da ke sakin mai a cikin giya, ko sensa ko waya, wani lokacin ma injin sit ne, robar da injin ke zaune a kai, ya tsinke kake jin bugu ka zata giya ce. Makaniken da ya ce a sauke alhali ko geji bai zaro ba, ce masa "Oga bari in je in dawo", ka nemi wani.

In dai ta tabbata giyabos ta mutu kuma sai tokunbo, ka je kasuwar kayan mota ta Dilimi da makanikenka, a haɗa lambar jikinta da taka, ku yi magana kan kwanakin gwaji a rubuta a rasit. Kafin a ɗora a canza sil, robobin da ke hana mai yoyo, a wanke bututun lagireto don dattin tsohuwar na nan ciki, a zuba sabon mai nata. In kuma a hanya ta tsaya maka, kar a yi janwe da igiya tayoyin gaba na ƙasa, injin a kashe famfon mai ba ya aiki, a ɗaga gaban ko a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota.