Yadda mai rage ƙiba zai shawo kan yunwar dare

Mai rage ƙiba yakan daure tun safe har magariba, sai bayan isha'i a zauna hira a ƙofar gida, hayaƙin tsire ya taso daga bakin titi, ciki ya fara ƙugi. Kafin sha ɗaya na dare an ci burodi da ƙwai da taliya a teburin mai shayi, an kora da lemon kwalba. Galibin wannan yunwa tun da rana aka ƙulla ta, don haka daga rana za a fara gyara.

Abu na farko da za ka duba shi ne yawan abin da ka rage. Ragin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 300 zuwa 500 a rana ya isa ya sauke kusan rubu'i zuwa rabin kilo a mako. Wanda ya yanke rabin abincinsa a tashi ɗaya, ya kuma ƙara da gudu ko ƙwallo, jikinsa zai nemi haƙƙinsa, kuma da dare yake nema, lokacin da gajiya ta riga ta cinye haƙuri. Idan kana sauke fiye da kilo ɗaya mako bayan mako, ga yunwa tana tashinka daga barci, ragin ya yi yawa. Mayar da kalori kamar 200 cikin abincin rana, ka ba shi mako biyu ka gani.

Sai furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwai da kifi da nama da wake da nono. Shi ya fi kowane abinci riƙe ciki. Mutum mai nauyin kilo 80 da yake motsa jiki yana buƙatar giram 100 zuwa 120 a rana, a rarrabe a ci uku ko huɗu. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Gasasshen karfasa na Binuwai mai giram 100 yana ba da kusan 25. Kofi ɗaya na dafaffen wake kusan 13, kindirmo rubu'in lita kusan 8. Yanzu ka lissafa karin kumallon da aka saba, shayi mai sukari da burodi ko fanke, za ka ga furotin ɗin bai taka kara ya karya ba. Ƙwai biyu da wake ko ƙosai kaɗan da safe suna taimakawa wajen rage yunwar dare.

Lokacin motsa jiki ma yana da hannu a ciki. A Garwa da Marwa, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, shi ya sa masu gudu da masu tattaki ba sa fitowa sai bayan la'asar ko magariba, kamar yadda ake gani a kewayen filin wasa na Roumdé Adjia da ke Garwa. Motsa jiki mai ƙarfi yakan dushe sha'awar abinci na ɗan lokaci, mutum ya dawo gida ya ce ba ya jin yunwa, ya yi wanka ya sha ruwa kawai. Bayan awa biyu ko uku ta dawo da ƙarfinta. Ka ci abincin darenka cikin awa ɗaya zuwa biyu da gama motsa jiki, ko da cikinka bai nema ba. Ka kuma daidaita shi da lokacin kwanciya, tazarar awa biyu zuwa uku. Wanda ya ci tuwo ƙarfe shida ya kwanta sha biyu ya bar cikinsa awa shida, dole ya ji yunwa.

A kwanon dare, tuwon dawa ko na masakwa ko na gero malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunka ya isa. Miya ce za ka ninka: kuɓewa, kuka, yakuwa, tafasa ko zogale, da kifi ko nama maras kitse kamar faɗin tafin hannu. Ganye yana cika ciki ba tare da kalori mai yawa ba, tuwon hatsi kuma ya fi farar shinkafa da burodi daɗewa kafin ya narke. Inda ake tafka asara shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, kuma ba ya ƙara ƙoshi yadda ƙwai biyu masu kusan wannan kalorin za su yi. Tunda a kwano ɗaya ake ci a yawancin gidaje, ka roƙi uwargida ta zuba maka naka daban, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin nawa ka ci ba.

Ƙishirwa kan zo da kamannin yunwa, musamman a bazara. Hau sikeli kafin motsa jiki da bayansa: kowane kilo da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta gumi, sai ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin awanni. Kada ka tara shan sai bakin kwanciya, fitsari zai yi ta tashinka.

In duk da haka yunwar ta zo, sha kofin ruwa ka jira minti goma sha biyar. Sannan ka tambayi kanka ko za ka iya cin dafaffen ƙwai ko wake gaya. Idan za ka ci, yunwar gaskiya ce, kuma kwana da ita ba jarumtaka ba ce, barcinka kawai za ta ɓata. Ci abin da ka riga ka tanada tun da rana, na kalori 150 zuwa 200: kindirmo kofi ɗaya ba sukari, ko ƙwai biyu da tumatir da kokwamba, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kaɗan. Idan kuwa tsire kaɗai ko lemo mai sanyi ranka yake so, kwaɗayi ne, yakan wuce in ka wanke baki ka tashi daga wurin.

Akwai abubuwan da ake yi wa kallon marasa nauyi alhali ba haka suke ba. Soyayyar gyaɗar nan ta kwalba ita ce kan gaba: cikin tafi ɗaya, giram 30, kalori 170 ne, kuma ba wanda yake tsayawa a tafi ɗaya in kwalbar tana gefensa. Zuba a ƙaramin kofi, ka rufe kwalbar ka kai ta ɗaki. Kilishi yana da furotin sosai, amma ga gishiri ga tunkuza, yanki kamar yatsu biyu ya wadatar. Fura da nono mai sukari cikakken abinci ce, a lissafa ta a madadin tuwo. Lemon kwalba mai santilita 33 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, zoɓon sayarwa ma sau da yawa bai gaza haka ba.

Barci yana cikin lissafin. Ƙarancinsa yana ɗaga girelin, sinadarin da ciki ke fitarwa don sanar da yunwa, ya kuma rage leptin mai sanar da ƙoshi, washegari ka wuni kana neman zaƙi da maiƙo. Ka nemi awa bakwai zuwa tara. Shayi mai kauri da goro suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, wanda rabinsa yana nan a jini bayan kamar awa biyar, saboda haka ka tsayar da su daga la'asar. Ranar da aka zarce da cin dare kuma, kada ka rama da ƙin karyawa da safe, don haka ne ke sake haifar da yunwar daren gobe.

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayar maganin sukari ta gilibenkilamaid, in ya farka da rawar jiki da gumi da bugun zuciya, sukarinsa ne ya faɗi: ya sha rabin kofin lemo mai sukari ko ƙwayar sukari uku nan take, ya ga likita kafin ya ci gaba da ragin abinci ko motsa jikin yamma. Raɗaɗi a saman ciki da ke tashin mutum tsakar dare ya lafa in an ci abinci yana iya zama gyambon ciki, a je asibiti a duba. Mai juna biyu ba ta ragin abinci, mai shayarwa kuma sai da shawarar likita ko ungozoma.