Yadda na gyara tayar kekena mai naɗewa

Bara da na je Landan kwas na wata biyu, kuɗin jirgin ƙasa ya ishe ni, sai na sayi keke mai naɗewa na hannu. Kullum da shi nake bin bakin kogin Tems, in an fara ruwa in naɗe shi in shiga bas. Da zan dawo na sa shi cikin akwati.

Sati ɗaya da isowata Sakkwato, tsidau ya huda tayar baya a hanyar Dundaye. Na shiga Tsohuwar Kasuwa na ce a ba ni taya da tib na inci 16, tunda haka aka rubuta a jikin tawa. Tayar ta ƙi hawa rim, muka yi ta fama har zufa ta jiƙa mini riga.

Wani dattijo mai faci a Mabera ne ya gano matsalar. Ya goge ƙurar gefen tsohuwar tayar da yatsa, ya ce, "Yaro, karanta mini wannan." An rubuta 349. Ta kasuwa kuwa 305, ta keken yara ce. Duk sunansu inci 16, amma faɗin da'irar rim ɗinsu, wanda lambobin nan ke nunawa, ya bambanta da milimita 44.

Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Ya cire ƙayar, ya yi wa tsohon tib ɗina faci, sannan ya tsaga wani mataccen tib ya shimfiɗa a cikin tayar don ya tare ƙaya. Iska kuma ya ce in riƙa rage kaɗan lokacin bazara, kwalta na zafi.

Wata huɗu ke nan ban sake faci ba. Na aika wa abokina a Landan lambar 349 ya taho mini da taya biyu.